Ido Ba Mudu Ba Ne, Baffa

Tun kafin in ɗora alƙalami a takarda na san abin da za a faɗa a majalisar Kademi in an karanta wannan. Baffa zai tura hularsa ƙeya, ya dubi na kusa da shi, ya ce, "Shi ke nan, boko ya gama da yaron nan. Taki ya gagari talaka, shi kuwa ya rasa abin da zai kawo mana sai zancen direban jirgin sama." Mai shayi zai ɗora da cewa duk faɗin Gaya da Ajingi, in ka ware alhazai da 'yan siyasa, wa ya taɓa leƙa cikin jirgi? Alhazan ma rabinsu ido a rufe suka yi tafiyar, carbi a hannu, ba su buɗe ba sai da aka ce ga Jidda. Na ji, ban musa ba. Amma ku ara mini kunne, shayin yau a wuyana, in dai mai shayin ya yarda a rubuta.

Da farko dai, "ina ruwanmu da jirgi" ba maganar da mutumin Kano zai yi ba ce. Mutanen Gwammaja da jirgi ya rikito wa ranar 4 ga Mayu 2002 ba su yanki tikiti ba, suna zaune ne a unguwarsu da rana tsaka. Dattawa kuma ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya kama da wuta wajen sauka a Kano, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ji ƙansu. Kowanne da nasa sanadin, kuma ba su ne zancena ba yau, na ambato su ne don in toshe bakin mai shayi. Tun 1925, da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka dira a filin dawakai na Kano, ake shawagi a kanmu. Wanda aka shekara ɗari ana wucewa ta saman rumbunsa ai yana da ta cewa.

Abin da zan yi magana a kai ƙarami ne, shi ya sa yake kisa. Jirgi lafiya lau, inji ƙalau, mai isasshe, matuƙi gwani. Yana saukowa cikin gajimare ko hazo, titin sauka na gabansa da 'yan kilomita, sai kawai ya tarar da bishiya a inda ya ɗauka sarari ne. Yana ƙasa da inda yake zato, kuma bai sani ba har zuwa sakan na ƙarshe.

"Makaho ne shi? Bai ga ƙasa ba?" Bai gan ta ba, Baffa. Ka tuna irin safiyar hunturun nan da kake tsayawa a ƙofar gida ka kasa hango kukar da ke ƙarshen gonarka, rana ta fito fara fat kamar faranti, kana iya kallonta ido da ido. Ku jikokin maƙeran Gaya kun saba ɗora wa Buzaye laifin wannan ƙura, wai rawunansu suke kakkaɓewa. Ku sassauta musu. Mafi yawanta daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, gindin wani tsohon tafki ne, iska ta kwaso ta ta juye mana daga Disamba har Fabrairu. Akwai ranakun da a filin jirgin Malam Aminu Kano ba a hangen abin da ya wuce 'yan ɗaruruwan mita, a soke tashi, a soke sauka, fasinjoji su yi ta tsine wa kamfani. Kai da kake tafe da ƙafa ka kasa ganin kuka, ina ga wanda ke tafe da gudun da ya ninka na motar Wudil?

Gwaggo za ta leƙo daga zaure ta ce to ai ko ido bai gani ba jiki na ji. Gwaggo, ki dubi jikokinki in suna wasan hajijiya. Su yi ta juyi, su tsaya cak, su rantse miki ƙasa ce ke juyawa. Wani ɗan ruwa ne can cikin kunne ke gaya wa mutum a miƙe yake ko a karkace, kuma ruwan nan in ba ido a kusa da zai ƙaryata shi, ba abin da ba zai faɗa ba. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta ɗauki matuƙa ƙananan jirage 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka tare musu ganin waje, malami na gefe, aka ce bisimilla. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin lissafi cikin sakan 178. Minti uku bai cika ba. Ruwan mai shayinmu ko motsi bai fara ba.

Shi ya sa ake horar da matuƙi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata allura. A ina ake horon? Nan zan ɓata muku rai: Zariya. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana can tun 1964. Wato Bakano, duk cika bakinsa, in ya ɗaura bel a kujerar jirgi, wataƙila ransa na hannun almajirin Zage-zagi ne. Don Allah kada wanda ya kai musu wannan takarda, kansu ya riga ya isa girma.

A cikin alluran nan wadda ta fi damuna ita ce ta ma'aunin tsayi, altimita. Mutane na ɗauka wata igiya ce da ba a gani, tana taɓo ƙasa tana cewa saura kaza. Ina! Sikeli ne, iska yake aunawa. Iskar da ke kanmu tana da nauyi, tana danne komai. In ka yi sama nauyin ya ragu, in ka yi ƙasa ya ƙaru, na'urar kuma tana jin wannan dannawar ta mayar da ita lissafin ƙafa. A kusa da ƙasa, duk ƙafa 27 ko 28 da ka hau, awon ya ragu da miliba ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne nauyin iska ba ya zama wuri guda. Na safe daban da na yamma, na Kano daban da na Legas. Saboda haka kafin sauka sai hasumiya ta karanta wa matuƙi awon wurin na wannan lokacin, 'yar lamba ce da suke kira QNH, shi kuma ya murɗa ɗan maɓalli ya saita ta, ya maimaita da bakinsa don a ji ko ya ji daidai.

Yauwa Baffa, na ga ka gyara zama, an zo fagenka. Kai ne ba ka yarda a ɗora buhun riɗinka a sikeli sai ka sunkuya ka ga allura na kan sifiri. Kai ne kake kife tiya ka duba gindinta ko an bubbuga shi ya shige ciki. Ka fi kowa sanin sikelin da aka taɓa ba ya rawa, ba ya inda-inda. Lamba yake ba ka tsaf, gaba gaɗi, kowane buhu ya cuce ka daidai da yadda ya cuci na baya. To haka altimita take in an saita ta da lambar da ba ita ba. Ba za ta yi ƙara ba, ba za ta kunna jar wuta ba. Za ta yi ta nuna ƙarya cikin natsuwa, matuƙi na binta da ladabi kamar yadda aka koya masa.

Ga wani tarkon kuma a gefe. Lambar da take nunawa daga bakin teku ake ƙirga ta. Filin jirgin Kano yana sama da teku da ƙafa 1,560 da 'yan kai, na Legas kuwa bai kai 150 ba. Jirgi na ajiye a Kano, tayoyinsa a kan kwalta, allura na cewa 1,560. Wanda idonsa ya saba da Legas, in ya ga 1,800 sai ya ji yana da sauran fili, alhali a Kano tsakaninsa da ƙasa bai kai ƙafa 250 ba.

Ɗan samarin can mai danna waya na ga yana murmushi, wai wannan labarin zamanin da ne, yanzu kwamfuta ke tuƙi, kuma irin wannan shirme sai Afirka. Zo kusa, ƙanena. Ranar 23 ga Mayu 2022, jirgin Airbus A320 ya taso daga Stockholm da fasinja 172 zai sauka a babban filin jirgin Paris na Faransa. Ana ruwa, gajimare ya sauko. Awon iska a ranar 1001 ne, amma daga hasumiya aka ce musu 1011. Matuƙa suka maimaita 1011, suka saita. Tuntuɓen harshe ne na lamba ɗaya tak, sifiri ya koma ɗaya. Miliba goma ke nan, wato wajen ƙafa 280, kamar ka ɗora giginya huɗu a kan juna. Kwamfutar da kake taƙama da ita ta karɓi lambar ba musu, ta shimfiɗa musu hanyar sauka mai kyau, santala, wadda ƙarshenta ke cikin gona kafin a kai titi. Da suka iso inda ya kamata su ga titi ba su gani ba, suka ba jirgi wuta don su koma sama. Kafin ya ɗago, tsakaninsa da ƙasa ƙafa 6 ya rage. Masu haƙar rijiya ku fassara wa yaron nan: gaba guda.

Tsaya, ban gama ba, daɗin labarin na gaba. Suna sama aka ba su umarnin zagayowa, wannan karon aka faɗi lambar daidai, 1001. Kunnen da ya riga ya sha 1011 sai ya sake jin 1011, bakin ya maimaita 1011, wanda ke sauraro bai lura ba. Suka sake saukowa a kan ƙaryar nan dai. Abin da ya fisshe su shi ne wannan karon an kunna fitilun gaban titi, suka hango da wuri, suka gyara da ido. Fasinjoji suka sauka suka ɗauki jakunkunansu. Ba jahili ko ɗaya a cikin labarin nan, ƙanena. Duk ƙwararru ne masu faɗin irin wannan lamba sau ɗari a mako, har ta zama kamar amsa "lafiya lau" ga mai tambayar gajiya.

Da na'urar jagoran sauka ta wannan titin tana aiki a ranar, da kuskuren bai kai su haka ba. Ita ce ake kira ILS. Saƙon rediyo ne iri biyu ke fita daga bakin titi, ɗaya na cewa dama ko hagu, ɗaya na cewa sama ko ƙasa, kamar ɗan jagora riƙe da kan sanda. Gangaren da take shimfiɗawa mai laushi ne, ana sauke ƙafa 300 a duk tafiyar da ta kusa kilomita biyu. Amma ko da ita akwai iyaka. A irin wadda aka fi samu, in ka sauko saura ƙafa 200 ba ka ga titi ko fitilunsa ba, doka ta ce ka fasa, ka koma sama. Inda babu ita kuwa, sau da yawa sauka ake yi hawa-hawa kamar matakalar bene, kowane mataki da lambarsa a takarda, na ƙarshen kuma ya fi 200 nisa da ƙasa. Ka ɗauka ƙulli ne aka yi a igiyar mai shiga rijiya, aka ce in hannu ya zo nan a daina saki. Ƙullin nan tun ana sama aka yi shi, lokacin da hankali ke kwance, ba wanda ke jin yunwa, ba wanda ke sauri. Babban jirgi yana sauke wajen ƙafa 700 a minti, ka ga daga ƙullin zuwa ƙasa bai fi sakan 17 ba. Ba lokacin shawara ba ne.

To a nan ne sata ke shigowa. Matuƙi ya iso ƙulli, bai ga komai ba sai fari. Zuciya ta ce ɗan ƙara ƙafa hamsin mana, ai fitilun na nan ƙasa kaɗan, filin nan ka sauka a cikinsa sau ɗari uku. Ya ƙara, ya hango, ya sauka lafiya, fasinja suka tafa. Wannan tafin shi ne guba. Gobe hamsin ɗin ta zama halal, jibi ta zama ɗari. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, mai kayan kuwa a nan bishiya ce da take tsaye a wurinta tun kafin a haifi matuƙin.

Kano ta taɓa sallamar irin wannan jirgi. Ranar 20 ga Nuwamba 1969, ana cikin yaƙin basasa, jirgin Nigeria Airways ƙirar VC10 ya taso daga Landan, ya ya da zango a Rum, ya ya da zango a Kano, ya tashi zuwa Legas. Guntun zango ne ya rage bayan doguwar tafiyar dare. Yana gangarowa ta arewa, ƙasa a lulluɓe, sai ya shiga bishiyoyi wajen kilomita 13 kafin titi. Mutum 87 ne a ciki, ba wanda ya fita. Abin da masu bincike suka fi karkata a kai shi ne matuƙan ba su ankara da tsayinsu ba, suka bar jirgin ya sauko ƙasa da iyaka alhali ba su ga ƙasa ba, wataƙila kuma gajiya ta sa hannu. A nan Kano suka sha iskarsu ta ƙarshe a ƙasa. Ka ce mini ina ruwanmu.

Mai shayi ya ce wai to duk na ji, amma me ya haɗa wannan da mu masu hawa Golf da babur? Bari in ba ka nawa. Wata shekara cikin hunturu na shiga motar haya da asuba zan tafi Kano ta Wudil. Direban dattijo ne, furfura har a gira. Hazo ya rufe, fitilar mota ba ta wuce tsawon tabarma biyu ba, shi kuwa ƙafarsa na kan totur. Yaron da ke gefensa ya ce, "Oga, a ɗan rage." Ya ko harare shi. "Kai, rufe mini baki. Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina, tun uwarka na talla nake bin ta." Bai rufe baki ba sai ga amalanken shanu shaƙe da kara, ba fitila ba komai, a tsakiyar hannunmu. Birki ya yi kuka, muka tsaya karan na sharar gilashi. Ba wanda ya ji ciwo sai kiret ɗin ƙwan wata baiwar Allah, wadda ta yi masa wankin babban bargo har Mariri. Gaskiya ya faɗa, hanyar ya sani. Amalanken ne bai sani ba, don jiya ba ya nan. Abin da ya tsaya mini a rai kuwa, yaron nan da ya yi gaskiya bai sake buɗe baki ba har muka sauka, kuma na tabbata gobe ma ba zai buɗe ba.

Sabon shiga ba ya irin wannan. Yaron da ya fito daga Zariya jiya gumi yake yi a kan kowace lamba, ya karanta, ya sake karantawa, tsoro na gadinsa. Wanda ya ƙoshi da sabo shi ne abin ji. Ranar 11 ga Satumba 1974 wani jirgin Eastern ƙirar DC-9 yana gangarowa garin Charlotte a Amurka cikin hazon safiya. Da aka saurari faifan ɗakin tuƙi daga baya, me aka ji manyan matuƙan nan biyu na yi? Hira. Siyasa, da cinikin tsofaffin motoci, da leƙen wata hasumiyar filin wasa ko ita ce ko ba ita ba ce. Ƙararrawar tsayi ta yi ƙara, aka kashe ta kamar yadda ake kashe ta kullum. Suka daki ƙasa saura wajen kilomita biyar, mutum 72 suka mutu cikin 82. Irin wannan ne ya sa a 1981 Amurka ta kafa doka: in jirgin fasinja yana ƙasa da ƙafa 10,000 wajen tashi ko sauka, ba hira a ɗakin tuƙi sai ta aiki. Ku kam 'yan majalisar nan, da ku aka kafa wa wannan doka, da ba mai lasisi ko ɗaya a Kademi. In aka taɓo siyasar Kano har kiran salla sai an maimaita muku.

Duk waɗannan manyan jirage ne, mutum biyu a gaba, ɗaya na tuƙi ɗaya na kiran lambobi da ƙarfi, a na zamani kuma ga wata na'ura da ke ihu in ƙasa ta matso. Ƙaramin jirgi fa? Sau da yawa mutum ɗaya ne. Shi ne direba, shi ne yaron mota, shi ke magana da hasumiya, shi ke duba takarda, shi ke murɗa maɓalli. In ya ji lamba a karkace ba mai ce masa a'a. Filayen da yake zuwa kuma galibi ƙanana ne, ba ɗan jagora, wani wurin ma ba hasumiyar. A Amurka doka ta ce mai tuƙi da na'ura sai ya yi irin wannan sauka sau shida cikin wata shida, in ba haka ba hannunsa ya yi tsatsa, kada ya shiga gajimare. Ko mutum biyu ne ma ba tabbas. A watan Maris na 2008 wani ƙaramin jirgi ƙirar Beechcraft 1900 ya bar Legas zuwa ɗan filin Bebi kusa da Obudu, ya sauko ƙasa da iyaka a cikin duwatsu, na'urar gargaɗi ta yi magana ba a bi ta da sauri ba. Sai bayan fiye da wata biyar mafarauta suka tsinci tarkacensa.

Na kusa da mu kuwa kowa ya ji shi a rediyo. Ranar 25 ga Oktoba 2012, gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya tuƙo ƙaramin jirgi ƙirar Cessna Caravan da hannunsa daga Jalingo zuwa Yola, da muƙarrabansa a ciki, jirgin ya faɗi kafin ya kai. Sun fita da rai, amma shi raunin da ya samu a ka bai bar shi ba, aka yi ta jinya a Jamus da Amurka har ya rasu a 2017. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya ce ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgi, ba shi da ta tuƙi da na'ura, kuma tafiyar ta gani da ido ce aka yi ta har bayan faɗuwar rana. Ba ina taɓa mamaci ba ne, mutum ne mai son jirgi tsakani da Allah. Tambayata ga majalisa ita ce: a ƙasar nan tamu, wane ma'aikaci ne zai dubi gwamna ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ta yi ƙasa, a bari sai gobe"? Yaron motar nan ma dattijon direba kawai ya gaya wa, kun ji abin da ya samu. Kamfanonin jirage sun daɗe da gane wannan ciwo, har darasi na musamman suke yi don ƙarami ya iya ce wa babba "mun yi ƙasa, koma sama," babban kuma ya bi ba tare da ya tambayi shekarun mai maganar ba. Mu nan da an gwada, sai an fara kai ƙarar yaron wajen ubansa.

Na san inda Baffa zai ɓuya yanzu, na ga ya ɗaga yatsa sama. "Kai yaro, duk surutu ne. In kwana ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi." Haka ne, Baffa, wa ya isa ya ja da wannan? Sai dai ina da 'yar tambaya. Ranar Juma'a da ka je masallaci, kwaɗo nawa na gani a babur ɗinka? Biyu, da sarƙa, ka kuma cire fulogi ka sa a aljihu. Rumbunka ka ɗora shi a kan duwatsu saboda gara, ka zuba wa wake magani saboda ƙwari. A nan duk ba ka ce in rabon ɓarawo ne zai ɗauka ba. Sai an zo kan rayukan mutum tamanin sannan za a tuna da ƙaddara? Matuƙin da ya maimaita lamba, ya tsaya a ƙulli, ya saurari yaronsa, kwaɗonsa ya sa, sauran kuma na Mai sama ne.

Kuma kai da bakinka kake cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Rabin farko na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Rabin na biyu kuwa a kasuwa yake aiki, da rana, hatsi na gabanka a tabarma. Cikin hazo, ko da daddare a saman daji inda ba fitila ko ɗaya tsakaninka da titi, ido bai san ƙimar komai ba. Yakan nuna wa matuƙi ya yi sama da yawa alhali ya yi ƙasa, ya ce masa sauko, sauko. Ni a ganina makaho sarai ya fi mai dundumi tsira a wannan fage, don shi ya san bai gani, ba zai saki sandar ɗan jagora ba.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na jawo duk wannan dogon zance. Na ji an ce bana ka biya kuɗin kujera, kai da Gwaggo. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. To in kun dawo, jirgi ya gangaro Kano, ka ji tayoyi sun fito, ka fara laluben takalmanka, kwatsam sai injuna suka yi ruri, hanci ya ɗaga, kujera ta danne maka baya, gari ya sake yin nisa, na san ka. Za ka fara salati da ƙarfi, in ka gama ka juya ka ce wa na kusa da kai an ba ku ɗan koyo, bai iya sauka ba, da ma ka ga alama tun Jidda. Kada ka zage shi, Baffa. Ya zo ƙulli ne bai ga titi ba, ko ya ga saukar ba ta daidaita ba, ya haɗiye kunya ya fasa. Zai zagaya ya dawo, abin da zai ci muku bai wuce minti goma sha biyar ba, in kuma ya ga abin ya ƙi ya kai ku Abuja ku jira. 'Yan tarbar da suka cika mota biyu daga Kademi su ƙara haƙuri a rana, dabino da zamzam ba sa lalacewa. Ita kuwa Gwaggo a ba ta kujerar taga, tunda ta ce jikinta na ji, in an sauka ta gaya mana sau nawa jirgin ya karkata.